Na Tafi Yin Mastas, Na Tarar da Difloma

Tun da na dawo daga Landan ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a asibitin da na raka ƙanwata awo, da an gaisa sai a ce, "Malama Rabi, ya ƙasar Turawa?" In na fara labari kuma sai a katse ni da zancen sanyi da dusar ƙanƙara. Sanyi kam na sha, amma abin da ya fi girgiza ni a tafiyar nan kalma ce guda ta Turanci wadda na ɗauka na san ma'anarta. Shi ya sa na zauna in rubuta labarin sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni malama ce a wata makarantar kurame a Kaduna. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da yara da maganar hannu. Wata ƙungiya mai tallafa wa malamai irina ce ta ce za ta ɗauki nauyin karatuna a Ingila in har wata jami'a ta karɓe ni. Na nemi mastas a fannin koyar da kurame. Wani mai shagon kwamfuta a unguwarmu ne ya cike min takardun, shi ne kuma ya buga min amsar da ta zo.

Takardar shafi biyu ce. A layin farko suna taya ni murna, sun ce an ba ni gurbi a karatun postgraduate. Ina ganin haka hawaye ya cika min ido. Na leƙa shafi na biyu, na ga ƙananan rubutu ne cunkushe, na ce ƙa'idoji ne irin waɗanda ba wanda ke karantawa, na ninke na sa a jaka.

Bayan mijina, Malam Nasiru, mahaifina na fara kai wa. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, idonsa ya yi rauni, don haka ni na karanta masa.

Ya ce, "Tsaya. Fos me?"

"Postgraduate, Baba. Karatun da ake yi bayan digiri."

"Bayan digiri? Baya za ki koma ke nan?"

Na yi dariya. "A'a Baba, gaba da digiri. Digiri na biyu. Mastas."

"To ki ce gaba mana, kya tsorata ni."

Kun ga yadda na haɗa masa abubuwa uku a numfashi ɗaya kamar duk abu guda ne. Kafin la'asar mutanen masallacinsu sun ji cewa 'yar Malam Garba za ta Ingila yin digiri na biyu. Shugabar makarantarmu, Hajiya Lami, ta karɓi kwafin takardar, ta yi ta zirga-zirga ma'aikatar ilimi har aka ba ni hutun karatu. Ranar da malamai suka yi min walimar sallama na miƙe a gabanta na ce in Allah ya yarda da mastas zan dawo musu.

Biza ta yi jinkiri, sai da aka yi mako biyu da fara karatu na tashi. Jirgin ƙasa na bi daga Rigasa zuwa Abuja, da akwati biyu. Ɗaya kayan sawa ne, ɗayan kuma Inna, mahaifiyata, ce ta shirya shi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, da kilishi da aka naɗe a takarda har ninki uku. A jirgin sama ban iya cin komai ba sai burodi. Matar da ke kusa da ni, wata 'yar Benuwai mai aikin jinya, ita ta nuna min yadda ake ɗaure bel ɗin kujera, ta kuma gargaɗe ni cewa in an tambaye ni a filin jirgi in amsa abin da aka tambaya kawai, kada in ƙara.

Mun sauka da safe. Layin masu duba fasfo ya yi tsawo, ya naɗe kamar igiya. Na zaci Bature jar fata zan tarar a kan teburin, sai na ga wani mutum mai gemu da rawani irin na mutanen Indiya, Turancinsa kuwa na 'yan Landan sak.

Ya ce, "Me ya kawo ki?"

"Karatu."

"Wane karatu?"

Na ɗaga kai na ce, "Mastas."

Ya dubi kwamfutarsa, ya dube ni, ya sake dubanta. "Ba haka na gani a nan ba. Postgraduate diploma aka rubuta."

"Eh, postgraduate. Ai shi ne mastas ɗin."

"Ba ɗaya ba ne, madam. Kin kuwa san kos ɗin da kika zo yi?"

Ya riƙe fasfona, ya nuna min wani benci a gefe. Na zauna ina kallon mutanen da muka zo jirgi ɗaya suna wucewa, har 'yar Benuwai ɗin nan ta waiwayo ta dube ni da tausayi. Na fi awa guda a wurin. Abin da ke zuwa min a rai kawai shi ne a mayar da ni a jirgin gobe, in sauka Kaduna da akwatin daddawata ba a ko buɗe ba.

Daga baya wata ma'aikaciyar shige da fice ta zo ta zauna kusa da ni. Ta tambaye ni aikina, da yawan yaran ajina, da yadda ake koya wa wanda bai taɓa jin sauti ba karatu. Wannan kam na amsa ba gargada. Sai ta ce in ba ta takardar jami'a. Ta juya shafi na biyu, ta ɗora yatsa a kan sakin layi na uku ta ce in karanta. An rubuta a fili cewa sakamakon digirina na farko bai kai abin da suke nema don mastas ba, amma saboda daɗewata a aiki sun ba ni gurbin difloma ta gaba da digiri.

Na karanta sau biyu.

Ta ce, "Takardunki daidai suke. Ke ce dai ba ki karanta su ba." Ta miƙo min fasfo.

A wajen masu duba kaya aka buɗe akwatin Inna. Suka shinshina daddawa, suka yamutsa fuska, suka bar min. Kilishin kuwa suka ce ba a shiga ƙasarsu da nama, suka jefa shi a kwandon shara a gabana. Da a wata rana ce da na roƙe su. A ranar akwatina kawai na rufe na wuce.

Ina kunna waya na tarar da saƙo cewa ɗakin ɗalibai da na kama tun daga gida an soke shi, tunda ban zo a kan lokaci ba. Na kira Baban Ummi, haka nake kiran mijina, na faɗa masa zancen ɗaki, na haɗiye ɗayan zancen. Ya buga wa wani abokinsa, abokin ya ba da lambar wata dattijuwa a unguwar Dagenham da ke da ɗaki a gidanta.

Haka na ja akwati biyu na shiga tube, jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa. Mutum ya cika taragon maƙil, amma shiru kamar ana zaman makoki. Na yi wa matar da na zauna kusa da ita sannu, ta dube ni a firgice ta matsa. Ko gaisuwar ce ta ba ta tsoro ko warin daddawa, ban sani ba. A gida da tuni an tambaye ni daga ina, zuwa ina, 'ya'yana nawa.

Wadda ta buɗe min ƙofa gajeruwar tsohuwa ce mai furfura, da sarƙar gicciye a wuya.

"Maraba, maraba 'yata! Kin sha hanya. Shigo, sanyin nan ba ya wasa."

Sunanta Mama Saratu, 'yar Zonkwa ce, ta yi aikin jinya a Landan sama da shekara talatin har ta yi ritaya, amma Hausarta ko gezau. A ɗakin da ta ba ni na tarar da sabuwar darduma a shimfiɗe. Ta ce jikarta ce ta nemo mata alƙibla a waya. Jikar, budurwa ce 'yar jami'a, na gaishe ta da Hausa, ta ji sarai, ta amsa min da Turanci.

Mama Saratu ta tuƙa tuwon semo, ta kaɗa miya da kukar da na zo da ita. Na sa hannu na kasa kai loma baki. Ta zuba min ido.

"Wani ya rasu ne?"

Sai na fashe da kuka. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ba komai ba.

Ta ce, "Kin yi sakaci, wannan gaskiya ne. Amma ci tuwonki tukuna. Ran Litinin ki je ofishinsu ki tambaya, su faɗa miki da bakinsu. Mutanen nan in ba ka tambaya ba, ba sa faɗa."

Ran Litinin na je. Wadda na tarar a ofishin rajista yarinya ce da ta rina gashinta kore, da ɗan zobe a hanci. Na tsaya ina jiran babba ya fito, ashe ita ce babbar. Ta ɗauki takarda ta zana min gida mai ɗaki huɗu. Ta ce postgraduate sunan gidan ne gaba ɗaya, duk karatun da mutum zai yi a jami'a bayan ya riƙe digirin farko a cikinsa yake. Ɗaki na farko satifiket, na biyu difloma, na uku mastas, na huɗu dakta. Kowa a cikinsu postgraduate yake yi, amma ba kowa ke fita da digiri na biyu ba.

"Ke a nan kike," ta ce, ta ɗiga biro a ɗaki na biyu.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne na san irin wannan difloma sarai. A Zariya ma ana yin ta, Asabar da Lahadi, mutum na aikinsa. Ga ni na bar 'ya'ya uku, na tsallaka teku, an yi min walima, a kan abin da maƙwabciyata ta yi tana zuwa a motar haya.

Yarinyar ta ga fuskata ta sauya. Ta ce aji ɗaya za mu zauna da 'yan mastas, darussa ɗaya, malamai ɗaya. Bambancin shi ne su za su rubuta kundin bincike a ƙarshe. In makin da na samu a dukan darussa ya tsaya a kan sittin, za a iya bari in tsallaka in rubuta nawa. Na ji sanyi a raina. Na ce sittin kawai? A gida ai ban cika sauka ƙasa da haka a darussan koyarwa ba.

Da yammacin ranar na faɗa wa Baban Ummi gaskiya.

Ya ce, "Baba fa?"

Na ce, "Mu bari in ga yadda makin zai kasance."

Ya ce shi bai so haka ba, amma mahaifina ne, ni zan yanke.

Aji kuwa wani abin mamakin ne. Farfesar da ke jagorantar kos ɗin, mace mai shekaru kamar na Inna, ta ce mu kira ta Helen, haka gatsau. Bakina ya ƙi. Na ce mata "Ma", ta waiwaya ta ga ko da wata nake. Ɗalibai na cin abinci a gabanta tana magana, burodi mai sanyi da ganye a tsakiya, kowa ya ci nasa ba wanda zai ce wa na kusa da shi bisimilla. Wani ya ɗora ƙafa a kan kujera ya ce mata bai yarda da abin da ta faɗa ba. Na sunkuyar da kai ina jiran a kore shi. Sai na ji ta ce madalla, ya ƙara bayani.

Akwai wata tsohuwa kurma a ajin, Margaret. Da na gan ta na ji daɗi, na ce ga inda zan nuna abin da na iya. Na je na gaishe ta da hannu, na faɗi sunana harafi-harafi. Ta yi murmushi ta girgiza kai. Ta mayar min da nata, ban gane ko ɗaya ba. Ashe maganar hannun Ingila daban take da wadda muke koyarwa a makarantunmu, su da hannu biyu suke yin haruffa, mu da ɗaya. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, ga ni a gaban kurma na zama kurma. Dole muka koma rubutu a takarda.

Na rubuta mata, me ya kawo ta karatu a wannan shekaru? Ta rubuta cewa ta gama digiri shekara arba'in da suka wuce, ta yi aikin gidan waya, ta yi renon 'ya'ya, sai yanzu ta samu sarari. Ta ƙara da cewa kalmar postgraduate ta ce bayan digiri, ba ta ce bayan shekara nawa ba. Na tambaye ta ko mastas take yi. Ta ce a'a, satifiket, ɗaki na farko ke nan a zanen yarinyar nan. Ta faɗe shi hankalinta kwance, ba ko alamar jin nauyi.

Ni kuwa a wannan lokacin na koyi wata dabara da ba na alfahari da ita. Na daina cewa mastas, ban kuma fara cewa difloma ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce postgraduate nake yi. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da mutanenmu za su ɗauka, ina kuma barinsu su ɗauka. Kalmar na da faɗi, mutum na iya ɓuya a cikinta.

Wata Asabar Mama Saratu ta kai ni Old Kent Road sayen kayan miya. Titi ne mai bas-bas ba iyaka, shagunan 'yan Nijeriya a jere, ga doya, ga manja, ga busasshen kifi. Ta nuna min wani tsohon sito ta ce cocinsu ke nan. Muka shiga shagon wani dattijo, Alhaji Isaka, mutumin zangon Kumasi.

Ya ce, "Hajiya, ka zo lafiya? Mi ka na so?"

Na waiwaya in ga namijin da yake wa magana. Mama Saratu ta yi ta dariya, ta ce Hausarsu ta Gana ke nan, mace da namiji duk "ka" ne. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce postgraduate.

Ya ce, "Wane ciki? Yarana biyu ya yi shi. Guda ya yi mastas, guda ya yi difloma."

Mai sayar da doya ma ya san gidan ɗaki huɗu ne. Mama Saratu na tsaye tana kallona, ba yadda zan yi. Na ce, "Difloma." Shi ne karo na farko da na faɗe ta ga baƙo. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da auna min gari.

Sannan aka dawo mana da rubutunmu na farko. Na kwashe mako uku a kansa, na kawo maganar marubuta bakwai, ban bar waƙafi a inda bai dace ba. Na buɗe na ga maki hamsin da biyu. Na zauna a kan matakalar laburare. A ƙasa Helen ta rubuta layi ɗaya: "Kin faɗa min abin da mutum bakwai suka ce. Ke kina ina?"

Na je ofishinta. Ta haɗa min shayi da kanta, wanda shi ma ya ba ni kunya.

Na ce, "Ma, ban gane laifina ba. Duk abin da na rubuta yana cikin littattafai."

Ta ce, "Shi ne laifin. A digirin farko ana tambayarki me aka sani. A wannan matakin ana tambayarki me kika gani da idonki, kuma ina ya saɓa da abin da aka sani. Shekara goma sha huɗu kina aji. Ba abin da kika karanta a nan da kika ce a ranki, wannan ba haka yake ba?"

Na ce akwai. Wani littafi ya gina komai a kan cewa ana gano kurumtar yaro tun yana jariri, iyaye su fara koyon maganar hannu tare da shi. Mu kuwa sai yarinya ta kai shekara tara ake kawo ta, ta riga ta ƙirƙiro alamunta ita da uwarta a tsakar gida, na ruwa daban, na yunwa daban, na baƙo daban. In ka share waɗannan ka fara mata daga farko kamar ba ta san komai ba, sai ta rufe, ta yi wata shida ba ta ɗaga hannu ba.

Helen ta ajiye kofinta. "Wannan za ki rubuta."

Na ce, "Ma, littafin fa naki ne."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake so in ji."

Na fito ina mamaki. A inda na yi karatu, ka ce littafin malami da gyara, ka shirya maimaita shekara. Na rubuta na biyun, na kawo labarin yara uku daga ajina ba tare da sunayensu ba, na faɗi inda littafin ya yi daidai da inda bai kai gare mu ba. Aka ba ni sittin da takwas. Margaret ta koya min alamar murna irin tasu, a ɗaga hannu biyu sama a kaɗa.

Duk wannan lokacin kowace Lahadi da rana ina kiran Baba. Kullum sai ya ce, "Ya digiri na biyu?" in ce alhamdu lillahi. Wata Lahadi, wata huɗu da zuwana, ya ce min limaminsu ya sa ni a addu'a bayan sallar Juma'a, har ya faɗa wa matasa su yi koyi da ni. Na ji ba zan iya ƙara ko mako ɗaya ba.

Na ce, "Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba."

Na faɗa masa duka, tun daga shafi na biyu har zuwa makin sittin da ban tabbatar zan kai ba. Ina jin kukan awaki a bayan gidanmu ta cikin wayar.

Can ya ce, "Karatun nan, na gaba da digirin ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Zai amfani yaran da kike koyarwa?"

"Zai amfane su."

"To ni ban san difloma ba, ban san mastas ba, ke kika koya min sunayen. Abin da na sani shi ne wata huɗu kina gaishe ni, ina tambayarki, kina amsawa, da wannan a cikinki."

Ya miƙa wa Inna wayar. Lahadi biyu a jere in na kira sai a ce ya fita. Ban taɓa jin sanyin Landan kamar a waɗannan makonni ba. A ta uku ya karɓa. Bai tayar da zancen ba, ya dai tambaye ni ko ina cin abinci. Daga baya Inna ta faɗa min cewa shi da kansa ya je ya sami liman, ya ce maganar da ya kawo kwanaki akwai gyara a cikinta, ya gyara a gaban mutane. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, saboda shafi ɗaya da 'yarsa ba ta karanta ba.

Sauran watannin karatu ne kawai. Gida, tube, aji, laburare, sai unguwar Stratford in na je sallar Juma'a na haɗu da matan Arewa mu ɗan yi hira. Da sakamako ya fito gaba ɗaya, makina ya tsaya a sittin da ɗaya. Da maki ɗaya na tsallake. Helen ta ce tunda binciken a kan yaran ajina ne, hutuna kuma ya kusa ƙarewa, in koma gida in rubuta kundin daga can, mu riƙa magana ta kwamfuta. Don haka masu tambaya su sani, har yanzu ban riƙe mastas ba. Ina babi na biyu.

Mama Saratu ta raka ni har filin jirgi, ta cusa min man zafi da ganyen shayi ta ce in kai wa Inna. Ta rungume ni ta ce, "In sun ba ki wata takarda a jirgi, ki karanta bayanta." Muka yi dariya, muka yi kuka.

Saura mutum ɗaya da ban faɗa wa ba, Hajiya Lami. Ita na fi tsoro. Ita ta sa hannu, ita ta tsaya min a ma'aikata. In aka ce an ba ni hutu a kan digiri na biyu na dawo ba shi, ita za a fara tuhuma kafin ni. Tun a jirgi nake shirya kalaman da zan faɗa mata.

Ranar da na koma aiki na shiga ofishinta na rufe ƙofa. Na ƙi zama. Na ce, "Hajiya, na zo neman gafara. Abin da na ce zan je in yi, ba shi aka ba ni ba."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Difloma ɗin?"

Na gyaɗa kai.

Ta jawo durowa, ta fito da fayil ɗina, ta buɗe ta juyo min shi. Ga wasiƙar da ta rubuta wa ma'aikata tun kafin in tafi, da sa hannunta. Ta nemi a ba ni hutu don yin difloma ta gaba da digiri, tare da yiwuwar ci gaba zuwa mastas.

"Hajiya, kin sani?"

"Ni da zan sa hannu a kan takarda ba zan karanta ta ba? Tun ranar da kika kawo ta na sani."

"Amma a walima na miƙe a gabanki na ce..."

"Na ji ki. Na ɗauka kin san da zancen makin, kina ɗaura wa kanki niyya ne a gaban mutane. Har na ce a raina yarinyar nan tana da ƙarfin hali." Ta tsaya ta ƙare min kallo. "Rabi, kina nufin da gaske ba ki sani ba?"

Na girgiza kai. Sai a lokacin na nemi kujera na zauna. Wata tara ina juya yadda zan faɗa mata abin da ke rubuce da hannunta a cikin durowarta.

Hajiya Lami ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Da ta nutsu ta mayar da fayil ɗin, ta sa tabaraunta.

Ta ce, "An kawo mana sababbin yara biyar, babbarsu shekararta goma, ba wadda ta taɓa shiga aji. Malaman sun yi sati uku ba su samu ko ɗaya ta ɗaga hannu ba. Suna ajin farko. Tashi ki je ki gani."

Na tashi na tafi.